Yadda ake haɗa ƙarfen bodin mota mai tauri ba tare da an kashe ƙarfinsa ba

Wata 'yar Kwatano aka taɓa jawo mana gareji, an buge ta a gefe, ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya ya lotsa ciki. Maigidana ya miƙo mini diril ya ce, "Yaro, cire mini ɗigon waldar nan kafin in dawo daga masallaci." Kafin ya dawo na cinye bakin diril uku, ƙarfen ko gezau, sai ɗan sheƙi a inda na gurza. Na ce, "Maigida, wannan ƙarfen fa ba ya huduwa." Ya ce in kunna gas. Muka gasa ginshiƙin har ya yi jajur, muka ja shi ya miƙe, muka shafa foti, aka fesa fenti, mai mota ya biya yana ta sa mana albarka. Sai da na yi shekaru kafin in gane ɓarnar da muka yi. Ginshiƙin nan an ƙera shi ne don ya tsaya tsakanin direba da motar da ta buge shi, mu kuma mun kashe masa tauri daidai inda wuta ta lasa.

Abin da muka iya muka yi. Hannun masu gyaran bodi na ƙasar nan a kan Fijo 504 ya faɗa, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975. Ƙarfen irin waɗannan motoci mai laushi ne, ka gasa, ka buga, ka yi masa waldar gas, bai damu ba. Na motocin yanzu wani abu ne daban, kuma duk dabarun haɗa shi da ake yi a masana'anta, in ka bi diddigi, a kan abu ɗaya suke kewayawa: yaya za a liƙa falle da falle ba tare da zafi ya warware abin da aka sha wahalar sa wa ƙarfen ba.

Da farko, san ƙarfen da ke hannunka

Ana auna ƙarfin ƙarfe da megafaskal. Don lissafin ya zauna maka, ɗauki siririyar waya wadda kaurinta milimita ɗaya ne ta kowane gefe. In ta ƙarfe mai laushi ce, mai megafaskal 270 zuwa 300, nauyin da zai tsinka ta bai wuce kilo 30 ba, ko buhun siminti ɗaya ba za ta ɗauka ba. In ta ƙarfen boron ce, wato ƙarfe mai tauri da aka zuba wa sinadarin boron, mai 1,500, sai ka rataya mata kusan kilo 150, buhu uku ke nan, kafin ta tsinke. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai: 440, 590, 780, 980, 1,180. Fatar waje, irin ta ƙofa da bonet da rufi, yawanci daga masu laushin ake yin ta saboda ta lanƙwasu yadda ake so. Masu taurin suna ciki inda ido ba ya gani: ginshiƙan gefe, dokin ƙofa na ƙasa, sandar cikin ƙofa, ƙarfen bayan bamba, da gefen rufi.

Na 1,500 ɗin, wanda lambarsa 22MnB5, yadda ake yin sa kowane maƙeri zai gane. Kafin a gasa shi ƙarfinsa wajen 600 ne kawai. Sai a sa fallen a tanda ya haura digiri 900, a ɗauko shi yana ja a danna shi cikin mazubi mai sanyi wanda ruwa ke zagayawa a cikinsa. A lokaci guda ya ɗauki siffa, ya kuma huce farat ɗaya, wannan hucewar ta gaggawa ce ke ba shi tauri. Daidai da gatarin da maƙeri ya tsoma a ruwa yana ja. Kuma kowa ya san in gatarin ya sake faɗawa wuta ya huce a hankali, bakinsa ba ya ƙara riƙe kaifi. Kamfanin Saab na Suwidin ne ya fara sa irin wannan ƙarfe a mota, a Saab 9000 ta 1984. Zuwa lokacin da Volvo ta fitar da XC90 zubi na biyu, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin bodinta wannan ƙarfe ne.

To yaya za ka gane wanne ne a gabanka? Maganaɗisu zai raba maka ƙarfe da alminiyom, iyakarsa ke nan. Zarton gurza ƙarfe yana ba da alama: in ya zame bai ci ba, ka yi hattara. Amma abin dogaro shi ne littafin gyaran bodi na kamfanin motar, inda ake zana ƙashin motar a shafa wa kowane sashe launinsa da lambarsa. In bai samu ba, akwai manhajar waya ta kyauta mai suna Euro Rescue da hukumar Euro NCAP ta fitar a 2020 don masu aikin ceto. Tana nuna wuraren da ƙarfe mai tauri yake a motoci da dama. Ba ta ba ka lambar ƙarfen, amma tana gaya maka inda bai kamata ka kai wuta ba.

Tambayoyi uku kafin ka zaɓi hanya

Injiniyan masana'anta da mai gareji duk tambayoyi ɗaya suke yi. Shin ana iya isa ga mahaɗin ta gaba da baya, ko ta gefe ɗaya kawai? Shin duka fallayen ƙarfe ne, ko akwai alminiyom a ciki? Sannan falle nawa ne, wanne ya fi kauri, wanne ya fi tauri?

In ƙarfe da ƙarfe ne kuma hannu na kai wa ta ɓangarori biyu, waldar ɗigo ce, sau da yawa tare da gam. In ta gefe ɗaya ne, sai waldar cike rami, ko birezin, wato liƙawa da narkakkiyar tagulla, ko sukuru na musamman. In alminiyom ya shigo, walda ta fita daga lissafi: alminiyom na narkewa a digiri 660, ƙarfe sai wajen 1,500, kuma inda suka cakuɗe a narke wani abu mai gautsi suke haifarwa wanda ke fashewa kamar tangaran. Nan sai ribiti da gam.

Akwai kuma hukuncin da ke gaban duk wannan. Sashen 1,500 da ya lanƙwashe ba a miƙe shi, da wuta ko ba wuta, ba a kuma yanka shi a tsakiya a yi masa jona. Ana cire shi ɗungurungum daga mahaɗansa na asali a sa sabo. Honda ta rubuta wannan ƙarara a ƙa'idojin gyaranta. A Acura MDX ta 2014 ma, wadda ita ma ƙirar Honda ce, duk zoben da ya kewaye ƙofar gaba falle ɗaya ne na wannan ƙarfe, don haka bugu a waje ɗaya na nufin sauya zoben gaba ɗaya. Mai mota zai yi ƙorafin kuɗi, ka zaunar da shi ka nuna masa zanen.

Raba tsohon, shirya fuskar sabon

Cire kan batir tukuna, ka ba shi 'yan mintoci kafin ka taɓa wajen da jakar iska take, ka kuma janye wayoyi da na'urori daga inda za ka yi aiki. In motar mai haɗin lantarki ce, manyan wayoyinta masu launin lemo ba na wanda bai koyi aikinsu ba ne.

Ɗigon walda a ƙarfen boron ba ya jin bakin diril na kasuwa, ni shaida ne. Ana amfani da baki mai kan kabayid, a juya shi a hankali, a danna sosai, hannu kuma ya tsaya cak, domin kabayid tauri gare shi amma da ya karkace sai ya ɓalle. Hanya mafi sauƙi ita ce siririn injin gurza mai bel: ka gurje ɗigon ta ɓangaren fallen da za ka yar har ka ga da'irar waldar ta fito, sannan ka sa cizal mai faɗi ka raba. Kada ka bar wajen ya yi shuɗi, shuɗin nan alamar zafi ya yi yawa ne.

Sabon sashe kuwa, goge fenti daga inda bakin injin walda zai taɓa da kuma tsakanin fallayen, amma in ƙarfen na da rufin tutiya kada ka cinye shi da gurza, shi ne garkuwarsa daga tsatsa. Gwada zaman sashen a bushe, ka rataya ƙofofi ka ga layinsu, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Fallayen su kwanta a kan juna ba rata. Wannan na da muhimmanci a ƙarfe mai tauri fiye da mai laushi, saboda mai laushi in ka matse shi yana bi, mai tauri kuwa turjewa yake, sai ƙarfin matsin injinka ya ƙare wajen rufe rata maimakon riƙe walda.

Waldar ɗigo

Ita ce uwar haɗin bodi. Motar gida guda na ɗauke da ɗigo tsakanin 3,000 zuwa 5,000. Injin kamar awartaki yake, da baki biyu na jan ƙarfe. Ya cije fallayen, ya tura wuta mai yawan gaske ta cikinsu na ɗan ƙiftawar ido, inda fallayen suka haɗu ya narke ya zama ɗan ƙwallo kamar ƙwayar wake, sannan ya huce yana matse. Dalilin da ya sa ta dace da ƙarfe mai tauri shi ne zafin bai samun lokacin yaɗuwa, a ɗan kewayen ɗigon yake tsayawa.

Abu uku kake saitawa: matsi, yawan wuta, da lokaci. Ga falle biyu masu kaurin milimita ɗaya da rabi, za ka ga ana aiki da wuta wajen amfiya 7,000 zuwa 9,000, matsi kamar kilo 350 zuwa 500, lokaci kuma kamar sulusin daƙiƙa. Ka ɗauki waɗannan a matsayin wurin farawa, ainihin lambar tana littafin kamfani. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne su ɗauka tunda ƙarfen ya fi tauri, wuta zai fi ci. Akasin haka ne. Ƙarfe mai tauri ya fi saurin ɗaukar zafi in wuta ta ratsa shi, don haka wutar kan ɗan ragu, matsi ne ke ƙaruwa, lokaci ma ya ɗan tsawaita. In ka ga tartsatsi na feshi kamar wasan wuta, ba gwaninta ba ce, narkakken ƙarfen da ya kamata ya zauna a cikin ɗigon ne ya tsere.

Kowane ɗigo yana da zango uku. Baki ya matse ya natsu kafin wuta ta shiga. Wuta ta wuce. Sannan baki ya ci gaba da riƙewa har ɗigon ya daskare. A ƙarfe mai tauri zango na uku na da tarko, domin bakin jan ƙarfe na zuƙe zafi da sauri, ɗigon kansa sai ya yi tauri fiye da kima ya zama mai gautsi. Maganin da injinan zamani ke yi shi ne su sake tura 'yar ƙaramar wuta bayan ta farko don ɗigon ya ɗan saki jiki. Wasu kuma suna fara tura 'yar wuta ta share rufin da ke kan fallen kafin babbar ta zo, musamman a ƙarfen boron da ake lulluɓewa da haɗin alminiyom da silikon.

Tutiya ma tana da nata halin. Tana narkewa a digiri 420, tun ƙarfe bai san ana yi ba. A wasu ƙarafa masu tauri, in zafi ya yi yawa kuma baki ya karkace, narkakkiyar tutiyar kan kutsa cikin ƙarfen ta bar 'yan tsage a gefen ɗigon. Saboda haka bakin ya sauka a miƙe, kada ya jingina. Tana kuma manne wa bakin jan ƙarfen ta mai da kansa tagulla, ya baje, wutar ta watsu, ɗigo ya riƙa ƙanƙancewa ba ka sani ba. A masana'anta mutum-mutumin walda na kai bakinsa wajen aski bayan 'yan ɗaruruwan ɗigo. Kai ma ka riƙa duba naka kana gyara shi.

Jera ɗigon yadda na asali suke. In suka matsu da juna, wutar sabon ɗigo za ta bi ta tsohon ta wuce, ka sami ɗigo a ido, babu komai a ciki. In suka yi kusa da bakin falle, ƙarfen ya fashe waje. Kada ka bi layi ɗaya bayan ɗaya, yi nan ka tsallaka can, ka dawo, don zafi kada ya taru.

Sai maganar da ba a so a ji. Injin da zai yi wannan aikin wuta mai fes uku yake so, kuma tsayayya. Ƙaramin janareta da doguwar siririyar waya ba za su ba shi abin da yake nema ba, zai yi ƙara kamar ya yi aiki, ɗigon kuwa fanko. Wanda ba shi da wannan wuta gara ya kai motar inda take.

Gwaji kafin ka taɓa mota

Yanko 'yan guntaye daga sashen da ka cire, ko ka nemo irinsa a wajen masu sayar da yankakkun motoci, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Kauri ɗaya, iri ɗaya, shiri ɗaya da abin da za ka yi a jikin mota. Yi musu ɗigo biyu, ka ɗaure guntu ɗaya a bayis, ka kama ɗayan da filaya ka ɓare. Ɗigo na biyun za ka duba, domin shi ne ya yi aiki a yanayin da sauran za su yi.

Walda mai kyau ba ta rabuwa a tsakiya. Fallen ne ke yagewa ya bar rami, ɗigon ya zauna a ɗaya fallen kamar maɓalli. Auna faɗin maɓallin. Ga falle mai milimita 1, a samu milimita 4 zuwa 5. Ga mai 1.5, a samu 5 zuwa 6. Ga mai 2, kusan 6 zuwa 7. Da siririn cikin fallayen ake lissafi. In suka rabu sumul, fuskar na sheƙi, manne kawai suka yi, koma ka gyara saiti. A ƙarfe mafi tauri wani lokaci ɗigo mai cikakken girma ma kan tsage ta tsakiya, a nan sai ka auna faɗin inda ya narke, ka duba ko akwai rami ko tsaga a ciki. Masana'anta na yin irin wannan gwaji da cizal da na'urar sauti mai leƙa cikin ƙarfe, lokaci-lokaci kuma a ɗauki bodi sukutum a yayyaga shi ɗigo bayan ɗigo.

Inda awartaki ba ya kai wa

Nan ake huda rami a fallen sama, yawanci milimita 8 a sassan da ke ɗaukar nauyi, a matse, a cike ramin da waldar waya mai gas, wadda ake kira mag. Fara daga tsakiyar ramin a kan fallen ƙasa, ka zagayo zuwa gefe, ka tsaya. Wanda ya fara daga gefe yakan rufe ramin da kyau alhali bai kama na ƙasa ba. Bar shi ya huce da kansa, ban da ruwa, ban da iskar kwamfireso.

Kula da wayar. Wadda ta cika kasuwa, mai lamba ER70S-6, ƙarfinta wajen megafaskal 480 zuwa 500 ne. In ka haɗa ƙarfen 780 ko 980 da ita, ka ɗinke fata da zaren kaba. Akwai waya ta musamman mai ƙarfin da ya dace, ita za ka nema.

A kan 1,500 kuwa, Honda ta hana waldar mag, sai dai a wuraren da littafin motar ya ware. Inda injin ɗigo bai isa ba, kuma littafi ya nuna, birezin ake yi da injin mig, shi ma na waya da gas, mai bugun wuta, da wayar jan ƙarfe da silikon mai lamba CuSi3, da gas ɗin argon zalla. Wayar na narkewa a wajen digiri 1,000, ƙarfen kansa ba ya narkewa, tagullar ce ke malala ta shiga tsakanin fallayen ta riƙe su. Shi ya sa ake yin ramin dogo ko a yi biyu kusa da juna, don ta sami wurin kamawa. Kada a rikita wannan da birezin na gas da sandar tagulla da muka saba, wancan yana gasa fili mai faɗi, ɓarnarsa ɗaya da abin da muka yi wa 'yar Kwatano.

Hayaƙin tutiya fari ne, yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Yi aiki inda iska ke wucewa, ka sa abin rufe hanci na gaske. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba.

Gam

Mutane kan yi dariya in aka ce mota da gam aka haɗa ta, alhali motar zamani na ɗauke da mitoci masu yawa nasa. Ɗigo yana riƙe wuri ɗaya ne, gam kuwa yana raba nauyi a duk tsawon mahaɗi, ya hana bodi murɗewa da ƙara, ya toshe ruwa, kuma babu zafin da zai cuci ƙarfe. Rauninsa ɗaya: yana jure ja ta tsawo, amma in aka kama baki aka fara ɓarewa sai ya bi. Don haka ake haɗa shi da ɗigo ko ribiti, su ne ke tsayar da ɓarewar.

A masana'anta mutum-mutumi ne ke zuba shi, a yi ɗigo ta cikinsa yana ɗanye, ya je ya ƙanƙare a tandar fenti mai zafin digiri 170 zuwa 180, zafin da bai kai ya taɓa taurin ƙarfen ba. A gareji mai bututu biyu ake amfani da shi, irin na 3M ko Sika ko Teroson, kuma a cikinsu ma akwai na fatar waje, akwai na ƙashin mota mai jure bugu. Ba ɗaya ba ne.

Duba ranar lalacewarsa. Goge fuskokin biyu yadda takardarsa ta ce, ka wanke maiƙo, kada ka ƙara sa hannu. Matso na farko ka zubar har launin ya daidaita. Shafa siriri ya rufe duk ƙarfen da ka gurje, sannan ka ja layi mai kauri a kai. Ɗora sashen, in bai zauna daidai ba ka zame shi, kada ka ɗaga, ɗagawa na shigar da iska. Matse har ya ɗan fito ta gefe. Yawancinsu na da ƙananan ƙwayoyin gilashi a ciki da ke hana a matse shi ya ƙare. Yi ɗigonka ko ribitinka kafin ya fara kamawa, ka tuna lokacin da aka rubuta a jikin kwali na ɗaki mai sanyi ne, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ya ragu sosai. Ɗigon farko ba zai kama ba saboda gam ya raba fallayen, sai ka maƙala filaya mai kulle kusa da wurin don wuta ta sami hanya ta ɗumama shi ya matse.

Hanyoyin sanyi: ribiti, ƙulli da sukuru

Ribiti mai huda da kansa kamar ƙaramin kofi yake a kife. Injin ya matse fallayen a kan mazubi, ya danna ribitin da ƙarfin tan huɗu zuwa takwas, ya huda fallen sama, ƙafafunsa su buɗe a cikin na ƙasa ba tare da sun fasa shi ba. Audi A8 ta 1994 ce ta fito da shi fili, Jaguar XJ ta 2003 na da fiye da 3,000, Ford kuma ta rungume shi a F-150 ta 2015 mai bodin alminiyom. Ƙa'idarsa: siriri ko mai tauri a sama, mai kauri da laushi a ƙasa, tunda na ƙasan ne zai miƙe ya rungumi ƙafafun. In ka juya tsarin, ƙasan ya tsage. Bayan dannawa, kan ribitin ya yi daidai da fuskar falle, ƙullutun baya ya fito sumul. A gwaji ana yanka shi biyu a ga yadda ƙafafun suka buɗe da kaurin da ya rage a ƙasa. Ƙarfen boron ya fi ƙarfin ribiti na yau da kullum, sai an riga an yi masa rami ko an sami ribiti na musamman. Ramukansa ma a masana'anta yawanci da hasken leza ake yanka su, don yana cinye bakin injin huda.

Ƙulli shi ne a dunƙule falle cikin falle su sarƙe ba tare da an ƙara komai ba. Yana da arha, ana yin sa a bonet da murfin but, amma yana son ƙarfe mai miƙewa, mai tauri sosai tsagewa yake.

Inda baya a rufe yake, kamar jikin bututu, akwai sukurun da ke juyawa da gudun dubban zagaye a minti har ƙarfen ya yi laushi, ya huda, ya tura naman ƙarfen ciki ya zama ɗan wuya, ya yanka zare a ciki, sannan ya ɗaure. In na saman mai tauri ne sai an fara yi masa rami. Kamfanin EJOT na Jamus, da ya yi suna a wannan sukuru, yana da wata dabarar ta liƙa alminiyom a kan boron: ƙusar ƙarfe ta ratsa alminiyom tana juyawa, gogayya ta sa ta manne da ƙarfen ƙasa, kanta ya danne alminiyom ɗin.

Duk inda alminiyom ya taɓa ƙarfe kuma danshi ya shiga, alminiyom ne ke ruɓewa. Gam a tsakaninsu shi ne katanga. Kayan gurzarsu ma a raba, kada burbushin ƙarfe ya nutse a alminiyom.

Waldar leza aikin masana'anta ce zalla. Da ita ake ɗinke falle mai kauri da siriri, ko mai tauri da mai laushi, tun kafin a buga su su zama sashe ɗaya, da ita kuma ake yin layin rufin nan mai santsi da ba ya buƙatar roba. In ka ga siririn layi a tsakiyar ginshiƙi, kada ka ɗauka wurin yanka ne.

Noti, da rufe aiki

Notin da ke riƙe bel ɗin kujera da kujerar kanta manne yake da bodi. A masana'anta notin na da 'yan ƙusoshi a gindinsa waɗanda ke narkewa in an tura wuta, ko kuma a danna shi ya cije fallen. In zarensa ya lalace, kada ka ɗora noti na kasuwa ka zagaye shi da walda a kan ƙarfe mai tauri, duba abin da kamfani ya tanada. Kan kowane bol akwai lamba: 8.8 na nufin megafaskal 800, 10.9 kuma wajen 1,000. Mayar da irin wanda ka cire, ka ɗaure da sifana mai awo. Waɗanda littafi ya ce sau ɗaya ake ɗaura su, sun riga sun miƙe, a yar.

Da ka gama, ƙirga ɗigonka ka gwada da adadin littafi, ka bi su da fitila kana neman tsaga ko ƙuna. Kada ka gurje kan waldar cike rami har ka ci fallen da ke kewaye. Shafa firamare mai hana tsatsa a duk inda ƙarfe ya fito tsirara, ka ja abin toshe mahaɗi a bakin fallayen. Bayan fenti, zura siririn bututu ta ramukan ginshiƙi da dokin ƙofa ka fesa kakin hana tsatsa har ya fara ɗigowa ta ramukan ƙasa, sannan ka sa tsinke ka tabbatar ramukan nan ba su toshe ba, don ta nan ruwan damina ke fita.